An ce a sa ɗana cikin binciken asibiti: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyaye da masu jinya a ɗakin yara da ɗakin jarirai, a daidai lokacin da nas ko likita ya zo da takarda a hannu ya ce ana wani bincike, ko za a yarda a sa yaron a ciki. Ba lokaci ne da mutum ke da natsuwar yin tunani mai tsawo ba: ga rashin barci, ga kuɗin magani, ga yaro a kwance. Shi ya sa ya fi kyau a san waɗannan abubuwa tun kafin a zo bakin gado.

Mene ne binciken asibiti, kuma me ya raba shi da gwajin jini ko hoton da likita ke rubutawa?

Kalma ɗaya ce take rikita mutane. Idan likita ya ce "za mu yi bincike mu ga abin da ke damunsa", yana nufin gwajin jini, fitsari ko hoto domin ɗanki shi kaɗai. Binciken da muke magana a kai daban ne. Shi tambaya yake son amsawa wadda ta shafi duk yaran da ke da irin wannan ciwo: wane magani ya fi ceton rai, nawa ya kamata a ba da, tsawon kwana nawa.

Iri biyu ne manya. Akwai na sa ido kawai, inda ba a canza komai a jinyar yaro, sai dai a rubuta abin da ya faru, wani lokaci a ɗauki ɗan samfur. Misalinsa binciken BARNARDS da aka yi tsakanin 2015 da 2018 a ƙasashe 7, har da Asibitin Murtala na Kano, inda aka bi jarirai fiye da 36,000 don a gane ƙwayoyin cutar da ke shiga jininsu da magungunan da suka daina kashe su. Akwai kuma na gwaji, inda ake raba yara rukuni-rukuni a yi wa kowane rukuni jinya iri dabam, sannan a kwatanta. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan na biyun suke.

Me ya sa sai yara? Ba za a gwada kan manya ba, sannan a rage wa yara adadin?

An daɗe ana yin haka, kuma an sha wuya. Hantar jariri da ƙodarsa ba su gama nuna ba, don haka maganin da babba zai tace ya fitar cikin sa'o'i kaɗan yana iya taruwa a jikinsa. A shekarun 1950 asibitocin Amurka sun riƙa ba bakwaini maganin chloramphenicol don rigakafi, da kyakkyawar niyya. Jarirai suka riƙa yin toka-toka, cikinsu ya kumbura, su mutu. Sai da aka kwatanta waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba, a wani bincike da aka wallafa a 1959, sannan ta fito fili cewa maganin ne ke kashe su.

Labarin iskar oksijin ma haka yake. A shekarun 1940 an riƙa cika kwalbar bakwaini da iskar ba tare da awo ba, tunda ana ganin iska ba ta cutarwa. Dubban yara suka makance. Wani gwaji da asibitoci 18 na Amurka suka haɗu suka yi a 1953 zuwa 1954 shi ya tabbatar da alaƙar. Daga nan kuma aka rage iskar fiye da kima, sai mace-mace da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Rashin yin bincike a kan yara bai taɓa hana a gwada abubuwa a kansu ba. Abin da ya hana shi ne a ƙirga a ga abin da ya biyo baya.

To ba za a mayar mini da ɗa zakaran gwajin dafi ba, kamar yadda aka yi a Kano?

Duk wanda ya yi wannan tambaya yana da hujja, kuma bai kamata ma'aikacin bincike ya ɓata rai ba idan ya ji ta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 ne, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. An kuma yi zargin cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a, wato kwamitin da ke tantance bincike kafin a fara, daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Kamfanin ya tsaya kan cewa ya sami amincewar iyaye da baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Bayan shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Ɓarnar ba ta tsaya kan waɗannan iyalai ba. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003 da 2004, labarin Trovan na cikin abubuwan da mutane ke kafa hujja da su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne, yawancin matakan da aka bayyana a amsa ta gaba ba su da ƙarfi a Najeriya a 1996, kuma yau akwai su a rubuce. Amma doka a takarda sai da mai tambaya take aiki.

Yanzu wa ke ba da izini kafin a fara?

A Najeriya akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Shi ya fitar da kundin ƙa'idoji a 2007, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi gindin zama. Manyan asibitocin koyarwa suna da nasu kwamitocin da ke rajista da shi, ma'aikatun lafiya na jihohi da dama ma haka. Idan gwajin magani ne ko allurar rigakafi, sai hukumar NAFDAC ita ma ta amince. A Nijar akwai kwamitin ɗa'a na ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya da ke wannan aiki. A matakin duniya kuwa ana bin Sanarwar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964, aka sake gyara ta a 2024.

Kuna da damar cewa a nuna muku takardar amincewar kwamitin, mai lamba da kwanan wata. Sunan kwamitin da lambar wayarsa ya kamata su kasance a jikin takardar da za a ba ku. Duba amsar da ke kan abin da takardar za ta ƙunsa.

Sun ce kwamfuta ce za ta zaɓi jinyar da za a yi masa. Ƙuri'a kuma a kan ran yaro?

E, ƙuri'a ce, kuma dalilinta ya fi yadda take sauti kyau. Idan aka bar wa likita zaɓi, ko bai yi niyya ba zai karkata: ya ba yaron da ya fi jin jiki maganin da ya fi yarda da shi, ko kuma ya ba mai ɗan ƙarfi sabon maganin don tsoro. A ƙarshe ba za a san ko magani ne ya kawo bambanci ba ko yaran ne dama ba ɗaya suke ba. Ƙuri'a tana sa rukunonin su yi kama da juna a shekaru, nauyi da tsananin ciwo, har da abubuwan da ba wanda ya yi tunanin aunawa.

Sharaɗin shi ne ba a jefa ƙuri'a sai a inda masana da gaske ba su san wanne ya fi ba. Idan an riga an san ɗaya ya fi, hana yaro shi zalunci ne, kuma bai kamata kwamiti ya amince ba.

Ashe likita zai iya shekara da shekaru yana yin abu bai san yana cutarwa ba?

Zai iya, kuma babu misalin da ya kai binciken FEAST. An daɗe ana koya wa likitoci cewa idan aka kawo yaro da zazzaɓi mai tsanani, hannu da ƙafa sun yi sanyi, bugun jini ya yi rauni, to a ɗura masa ƙarin ruwa mai yawa cikin gaggawa. Haka littattafai suka ce, haka ake yi a Turai da Amurka. Idan an yi, yaron kan yi kamar ya farfaɗo a gaban idon kowa.

Daga 2009 aka gwada wannan a asibitoci 6 na Yuganda, Kenya da Tanzaniya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland. Yara 3,141 aka raba: wasu a ɗura musu ruwan da sauri, wasu a bar su da ƙarin ruwa na hankali tare da sauran magunguna. Masu binciken da kansu suna tsammanin ɗurin gaggawar ne zai yi nasara. A Janairun 2011 aka tsayar da aikin. Cikin sa'o'i 48, kusan kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwan sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 7.3. Wato a kowane yara 100, ɗurin ya ƙara kashe kamar 3. Likita ɗaya da ke duba marasa lafiyarsa ba zai taɓa gane wannan da ido ba, domin yaran dama a bakin mutuwa ake kawo su, wanda ya tafi sai a ce ciwo ne ya ci ƙarfinsa.

A kula da kyau: binciken bai haɗa da yara masu gudawa da amai da ruwan jikinsu ya ƙare ba, ko masu ƙuna, ko masu tamowa mai tsanani. Yaron da gudawa ta tsotse yana bukatar ruwa, wani lokaci da gaggawa. Kada wani ya karanta wannan ya je ya hana a sa wa ɗansa ƙarin ruwa.

Gaskiya ne wasu yaran ruwa ko garin banza ake ba su a madadin magani?

Akwai binciken da ke amfani da abin da ya yi kama da magani a launi da ɗanɗano amma ba sinadarin a ciki, don kada iyaye ko ma'aikata su san wa ya sami wanne, balle sanin ya shafi yadda suke kallon sauƙin yaron. Amma ba a yi wa yaro mai sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani haka a bar shi ba magani. A irin wannan ciwo ana kwatanta sabon magani ne da wanda aka saba bayarwa. Inda ake amfani da na kwaikwayon, yawanci ƙari ne a kan cikakkiyar jinyar da kowa ke samu. Idan akwai shi a binciken, dole a faɗa muku tun farko. Kuma ko da an rufe wa ma'aikata sanin rukunin yaro, akwai hanyar buɗewa nan take idan jikinsa ya rikice.

Me ya kamata takardar amincewa ta ƙunsa? Ni ban iya karatun boko ba.

Rashin karatu ba ya rage muku haƙƙi ko kaɗan. A yi muku bayani da Hausa, ko da harshen da kuka fi ji, a gaban shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ne. In kun yarda ku dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu, a ba ku kwafi ku tafi da shi. Bayanin ya ƙunshi cewa wannan bincike ne, abin da ake son ganowa, abin da za a yi wa yaron wanda ba a yi wa sauran yaran ɗakin, haɗarin da aka sani, jinyar da zai samu in kun ƙi, wanda ke ɗaukar nauyin aikin, da wanda za ku kira in kuna da ƙorafi.

Wata dabara mai amfani: bayan an gama, ku maimaita wa mai bayanin abin da kuka fahimta da bakinku. Idan ya yi ta gyara muku, bayanin bai isa ba tukuna. Kuma matsalar takarda ba ta ƙasashenmu kaɗai ba ce. A Amurka an yi binciken SUPPORT kan bakwaini 1,316 don gano ma'aunin oksijin da ya dace. Aka ga ƙaramin ma'auni yana rage ciwon ido amma yana ƙara mutuwa. A 2013 ofishin gwamnatin ƙasar mai kare waɗanda ake bincike a kansu ya ce takardun da aka ba iyaye ba su bayyana haɗarin yadda ya kamata ba, aka yi ta muhawara a kai tsakanin likitoci.

Maigidana ba ya nan, su kuma sun ce abin na gaggawa ne. Yaya zan yi?

Wannan kullum ana cin karo da shi, domin uwa ko kaka ce ke kwana da yaro, uban yana kasuwa ko gona ko ma wani gari. Ki ce a ba ki lokaci ki kira shi, ko a haɗa shi da likitan a waya. Jinyar yaron ba ta jiran wannan shawara. Abin da ke jira shi ne shigarsa binciken kawai. Idan lokacin shiga ya wuce kafin ku yanke, shi ke nan, ba a yi asarar komai daga jinyar da aka saba ba.

A wasu binciken gaggawa, kamar FEAST da aka ambata a sama, kwamitocin ɗa'a sun amince a yi gajeren bayani a karɓi yardar baki, sannan a dawo a yi cikakken bayani da sa hannu bayan yaron ya ɗan daidaita. Wannan sai da izinin kwamiti tun farko, ba dabarar da ma'aikaci zai ƙirƙiro a bakin gado ba ce. Yaron da ya yi wayo kuma, shi ma ana neman yardarsa bayan ta iyaye.

Idan na ƙi, ba za su yi watsi da ɗana ba? In na yarda kuma zan iya fasawa?

Ƙin shiga ba ya taɓa haƙƙin yaro na samun gado, magani da kulawa. Za ku iya fita a kowane lokaci ba tare da ba da dalili ba. Abu ɗaya dai: ku faɗa, kada ku ɓace. Wasu magungunan ba a yanke su farat ɗaya, kuma likita na bukatar sanin abin da yaron ya sha don ya ci gaba da jinyarsa.

Akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba. A asibitin da nas ɗaya ke riƙe da jarirai masu yawa, yaron da ke cikin bincike yakan sami ƙarin dubawa da gwaje-gwaje kyauta, wannan kuma yana sa talaka ya ji kamar ba shi da zaɓi. Masu bincike na kirki sun san haka, shi ya sa sukan kawo kayan aiki da magani na gaggawa ga ɗakin gaba ɗaya. Idan wani ya nuna muku cewa sai kun sa hannu za a duba yaron, wannan abin kai ƙara ne ga kwamitin da aka yi maganarsa a sama.

Jinin da suke ɗiba fa? Jaririn duka nawa yake, kuma ina ake kai jinin?

Jariri yana da jini kamar mililita 80 zuwa 85 a kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 3 yana da kusan mililita 250. Gwajin neman ƙwayar cuta a jinin jariri kan ci kamar mililita 1, ƙaramin cokalin shayi kuwa mililita 5 ne. Kwamitin ɗa'a na duba jimillar abin da za a ɗiba, ana kuma ƙoƙarin haɗa na bincike da na jinya a tsira allura sau ɗaya. Ga bakwaini mai kilo 1 lissafin ya fi tsauri, don haka ku tambaya: sau nawa, kuma nawa?

Wasu samfuran ana auna su a asibitin, wasu ana kai su babban ɗakin gwaji a wani gari ko wata ƙasa, da lamba a jiki maimakon suna. Ƙa'idar Najeriya ta ce sai da yarjejeniya a rubuce kafin a fitar da samfur. Idan ana son ajiye ragowar don wani bincike na gaba, ya kamata a tambaye ku wannan daban, kuma kuna iya yarda da binciken yau ku ƙi ajiyar.

Ana biyan kuɗi? Idan maganin ya cutar da shi wa zai ɗauki nauyi?

Ana mayar da kuɗin mota, wani lokaci da na abinci ko na ranar aikin da aka rasa don dawowa asibiti. Ba a sayen yarda. Kuɗin da ya yi yawa har zai sa uba ya rufe ido ga haɗari, shi kansa alamar matsala ne. Maganin da ake gwadawa da gwaje-gwajen da binciken ya jawo ba ku za ku biya ba.

Game da cutarwa, ku nemi a nuna muku wurin da aka rubuta wanda zai biya kuɗin jinya idan binciken ya jawo illa, da ko akwai inshora. Iyalan Kano sun jira har 2011 kafin na farkonsu su karɓi diyya, shekara 15 bayan abin ya faru, sai da aka yi musu gwajin ƙwayar halitta. Tambayar minti ɗaya ce kafin a dangwala.

Idan ana tsakiyar aiki aka ga wani ɓangare na mutuwa fiye da ɗaya, wa zai sani?

Kowane babban gwaji yana da kwamitin masana masu zaman kansu, waɗanda ba sa cikin masu binciken. Su kaɗai ke buɗe alƙaluma lokaci-lokaci su ga yadda rukunonin ke tafiya, kuma suna iya ba da shawarar a tsaya. Su suka tsayar da FEAST saboda cutarwa. Sukan tsayar kuma saboda alheri, idan amfanin ya fito ƙarara har ci gaba da hana ɗaya ɓangaren ya zama rashin adalci, kamar yadda ya faru da binciken renon bakwaini da ke amsa ta gaba.

Wane abu ne a ɗakin yara na yau da za a ce bincike ne ya kawo shi?

Allurar artesunate. Kakanninmu da iyayenmu kinin suka sani, kuma shi ake sa wa yaro a ƙarin ruwa idan zazzaɓin cizon sauro ya kai ga jijjiga ko suma. Binciken AQUAMAT ya kwatanta su a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, Ilorin na cikin cibiyoyin. Sakamakon 2010 ya nuna kashi 8.5 cikin 100 sun rasu a ɓangaren artesunate, kashi 10.9 a ɓangaren kinin. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa artesunate a gaba ga yara.

Sai ɗora bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure shi da zane, abin da ake kira renon kangaru. A Bogota ta Kolombiya aka faro shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce sai jariri ya daidaita a kwalba kafin a ba uwar, alhali yawancin masu mutuwa a kwanakin farkon suke tafiya. Sai aka gwada farawa nan da nan bayan haihuwa, a asibitoci 5: Ile-Ife a Najeriya, Kumasi a Gana, da Malawi, Tanzaniya da Indiya. Jarirai 3,211 ne masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. An sa wa iyaye mata gadaje a cikin ɗakin jariran, suna riƙe da su kusan sa'o'i 17 a rana, ana ba su oksijin da sauran jinya a jikin uwar. Cikin kwana 28, kashi 12 cikin 100 suka rasu, a ɓangaren da aka jira kuwa kashi 15.7. An wallafa a 2021, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta canza shawararta. Ga matan da goyo ba baƙon abu ba ne a wurinsu, sabon abin kawai shi ne a gaba ake yi, ba riga a tsakani, kuma a ƙarƙashin idon nas.

Na gida kuma akwai binciken SPRING, a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna. Yara 220 masu sikila da na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki aka ba maganin hydroxyurea, wasu ƙaramin adadi wasu matsakaici. Ba a ga bambanci tsakanin adadin biyu wajen shanyewar ba. Muhimmancinsa shi ne, a ƙasashe masu arziki ƙarin jini duk wata ake yi wa irin waɗannan yara, abin da iyali kaɗan ne a nan za su iya ɗorewa a kai.

Idan an riga an gwada a wata ƙasa, me ya sa za a sake a nan?

Domin asibiti ba ɗaya ba ne, yara ma ba ɗaya ba. Akwai wata na'ura mai sauƙi da ke tura iska ta hanci da ɗan matsi don huhun yaro mai namoniya ya zauna a buɗe, ana ce mata CPAP. A wani asibitin bincike na Dhaka a Bangaladash, inda likitoci ke kusa dare da rana, sakamakon 2015 ya nuna kashi 4 cikin 100 suka rasu da ita, kashi 15 da oksijin na yau da kullum. Aka gwada ta a asibitin gundumar Salima a Malawi, kan yara 644, inda ba kullum likita ke dubawa ba. A 2019 sakamako ya fito a juye: kashi 17 da na'urar, kashi 11 ba tare da ita ba.

Haka batun ba yara masu tamowa amoxicillin. A Malawi an ga ya taimaka wajen warkewa. Da aka maimaita a Madarunfa ta jihar Maraɗi kan yara kusan 2,400, sakamakon 2016 bai nuna ƙarin warkewa ba, ko da yake ya rage yawan waɗanda aka kai asibiti aka kwantar. Wanda ya ce "ai Turawa sun gama bincikensu" bai lura ba cewa ɗurin ruwan da FEAST ya kama daga littattafansu aka kwaso shi.

Na ji an ce bincike ya nuna rana na maganin shawarar jarirai. In shanya shi da safe ya isa?

A'a. Abin da aka gwada a Legas, aka wallafa a 2015, rumfa ce da aka rufe da wata leda ta musamman mai tace hasken rana: tana tare yawancin haskoki masu ƙona fata da wani ɓangare na zafi, ta bar shuɗin hasken da ke narkar da sinadarin shawara. Jarirai 447 ne masu shawara mara tsanani, ana auna zafin jikinsu a kai a kai, ana auna sinadarin a jininsu. A haka rumfar ta yi aiki daidai da fitilar asibiti. Rana tsirara a tsakar gida ba ta da matacin, ba ma'auni, kuma tana iya ƙona jariri ko ta busar da shi yayin da shawarar ke hawa. Jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, musamman a ranar farko, ko ya ƙi nono, ko yake kuka mai tsini yana banƙarewa, asibiti za a kai shi a ranar.

Bayan an gama, za mu ji abin da aka gano?

Ya kamata, amma sai an yi haƙuri: daga ɗaukar yaro na farko zuwa fitar sakamako yakan ɗauki shekaru. Ku tambaya tun farko ta wace hanya za a sanar, taro a asibiti ne, ta masu unguwa ne, ko ta waya, ku kuma bar lambar da ba za ta canza ba. Gwaji na gaskiya yana da lambar rajista da kowa zai iya dubawa a intanet, a rajistar gwaje-gwaje ta Afirka, PACTR, ko a ClinicalTrials.gov. Idan yaron yana da ciwo mai daɗewa kamar sikila, ƙara tambaya ɗaya: in maganin ya yi amfani, wa zai ci gaba da ba shi ranar da binciken ya rufe, kuma a kan nawa? A rubuta amsar a jikin kwafinku, ku ajiye shi tare da katin asibitin yaron.